Me ya sa ake rubuta 97 a bayan rigar Liverpool?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai goyon bayan Liverpool ne tun ina yaro, amma sai kwanan nan da na sayi rigar ƙungiyar na lura da lamba 97 a bayan wuya, tsakanin harsunan wuta biyu. Da na tambaya aka ce mini adadin mutanen da suka mutu ne a wani turmutsutsu a filin wasa tun kafin a haife ni, kuma wai har yau iyalansu ba su daina bin kadi ba. Wani abokina ya ce ai 'yan kallon ne suka sha giya suka ɓalle ƙofa, su suka ja wa kansu. Ni kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutuwa ai wa'adi ce, in ta zo ba makawa. Me ya hana su haƙura bayan shekara talatin da ɗoriya? Kuɗi suke nema ko me?

*Daga wani matashi mai karanta wannan fili*

Amsa: Ɗana, ka fara da gaya wa abokinka cewa maganar da ya yi ba tasa ba ce, gadonta ya yi. An ƙirƙire ta ne a ranar da abin ya faru, tun gawarwaki na kwance a kan ciyawa, ta yi ta tafiya har ta iso kunnuwanmu. Ni ma na daɗe ina riƙe da ita, har na sha maimaita ta a cikin hira, sai a 2012 na san cewa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba nake ɗora wa laifi. Shi ya sa wasiƙarka ta taɓa ni, kuma zan ɗan tsawaita.

Ranar Asabar ce, 15 ga Afrilun 1989. Liverpool za ta kara da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, a filin Hillsborough da ke birnin Sheffield a Ingila, gidan ƙungiyar Sheffield Wednesday. A wancan zamani 'yan kallon bayan raga a tsaye suke kallo, an kewaye su da shingen ƙarfe ta gaba don kada su shiga fili, an kuma rarraba wurin gida-gida kamar keji. Magoya bayan Liverpool an ba su ɓangaren da ake kira Leppings Lane. Mutum 10,100 ne ke da tikitin tsayuwa a wannan ɓangare, ƙofofin da za su bi ɗaya bayan ɗaya kuwa guda 7 ne kacal. Da lokacin wasa ya gabato jama'a suka cunkushe a waje har ana tsoron a rasa rai. Da ƙarfe 2:52 na rana, babban jami'in 'yan sandan da ke kula da wasan, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita. Mutum kusan 2,000 suka shigo, suka ga wata hanya mai rufi a gabansu da ke gangarawa kai tsaye zuwa keji biyun tsakiya, na 3 da na 4, suka bi ta. Waɗannan keji biyu sun riga sun cika maƙil, alhali na gefe da sauran wuri. Da an tsayar da 'yan sanda kaɗan a bakin hanyar nan sun karkata mutane zuwa gefe, da ba mu san wannan labari ba. Duckenfield makonni uku kacal ke nan da ba shi muƙamin, kuma bai ba da umarnin tare hanyar ba.

Kalmar turmutsutsu ma ba ta faɗi abin yadda yake ba, domin tana kawo wa mutum hoton jama'a na gudu suna tattake juna. A nan ba wanda ya samu wurin ɗaga ƙafa. Na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, na gaba kuma an matse su da shinge har ƙirji ya kasa buɗewa. Mutane a tsaye suka mutu, don ba wurin faɗuwa. An fara wasa ƙarfe 3, aka tsayar da shi minti shida bayan haka. Su waɗannan 'yan kallo da ake zagi su ne suka ɓaɓɓalle allunan talla suka mai da su makara, suna gudu da waɗanda suka jikkata zuwa ɗaya gefen filin. Mutum 94 suka rasu a ranar, sama da 700 suka ji rauni. Ƙaraminsu ɗan shekara 10 ne, ɗan uwan Steven Gerrard, tsohon kyaftin ɗin Liverpool, wanda shi kansa a lokacin yaro ne.

To daga ina maganar abokinka ta fito? Ana cikin wannan hali Duckenfield ya shaida wa shugabannin hukumar ƙwallon Ingila cewa 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar da ƙarfi, ƙofar da shi da bakinsa ya ce a buɗe. Kwana huɗu bayan haka jaridar The Sun ta buga a shafinta na farko, da babban kanu mai cewa wannan ita ce gaskiya, wai magoya baya sun yashe aljihun matattu, sun yi wa 'yan sanda fitsari, sun doki mai ƙoƙarin ceton rai. Ba ko ɗaya da ya tabbata. Har yau mutanen Liverpool da dama ba sa taɓa wannan jarida, kuma a 2017 ƙungiyar ta hana wakilan jaridar shiga filinta na Anfield.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren ranar. An jera gawarwaki a ɗakin motsa jiki na filin. Iyaye suka taho daga Liverpool, aka riƙa nuna musu hotunan fuskokin mamata su zaɓi nasu, da sun gane ɗansu sai a zaunar da su ana tambayarsu ko yana shan giya, ko ya sha a hanya. An ɗebi jinin mamatan don auna barasa, har da na ƙananan yara. Margaret Aspinall, wadda ta rasa ɗanta mai shekara 18, ta sha ba da labarin yadda ta nemi ta rungume shi aka hana ta, aka ce mata yanzu yana hannun mai binciken mutuwa. Trevor Hicks da matarsa sun je kallo da 'ya'yansu mata biyu, ɗaya 19 ɗaya 15, suka koma gida babu ko ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta haƙuri. Gaskiya ka faɗa, wa'adi ba ya wuce lokacinsa, kuma ban taɓa jin wani a cikin iyalan nan ya ce a dawo masa da ɗansa ba. Amma ka raba abu biyu. Rashin da aka yi maka, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, nan haƙuri yake. Ƙazafin da aka yi wa mamacinka kuwa bashi ne tsakanin mutane, kuma mamaci ba shi da bakin kare kansa sai na waɗanda ya bari. A ce ɗanka ya fita da safe da tikitinsa a aljihu, sakacin wasu ya kashe shi, sannan waɗanda suka yi sakacin su gaya wa duniya cewa mashayi ne da ya kashe kansa ya kashe wasu. In ka yi shiru a nan, ka sa hannu a kan ƙaryar. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana a tambayi wanda aka ba amanar ƙofa me ya yi da ita ba.

Kuma ba a bar su sun huta ba. Tun a watan Agustan 1989 alƙali Taylor, wanda gwamnati ta naɗa ya yi bincike, ya ce babban dalilin bala'in shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. Rahotonsa na ƙarshe a 1990 ne ya sa aka cire shingayen aka mai da manyan filayen Ingila na zama. Duk da haka ba a gurfanar da kowa ba, kuma a 1991 zaman binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa haɗari ne kawai. Mai jagorantar zaman ya ƙi sauraron duk wata shaida ta abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15, bisa cewa zuwa lokacin duk wanda zai mutu ya riga ya wuce ceto. Wannan layi da ya ja shi ya rufe tambayar ko an yi jinkirin kai agaji. Iyalan su suka yi karo-karo suka ɗauki lauya, 'yan sanda kuwa da kuɗin hukuma aka tsaya musu.

A nan ne Anne Williams ta shigo. Ɗanta Kevin shekararsa 15. Ba lauya ba ce, ba likita ba, uwa ce kawai. Ta bi diddigi har ta gano waɗanda suka riƙe ɗanta a filin, ciki har da wata 'yar sandar sa-kai da ta ce yana da rai har wajen ƙarfe 4, kuma ya kira mahaifiyarsa kafin ya cika. Ta ƙi karɓar takardar shaidar mutuwarsa saboda abin da aka rubuta a kai. Ta kai kuka wurin babban lauyan gwamnati sau uku ana mayar da ita, ta je kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai aka ce ta makara. Wannan ita ce amsar tambayarka ta kuɗi. An biya diyya daga baya, a 2021 rundunonin 'yan sanda biyu sun amince su biya mutum 601 saboda rufa-rufar da aka yi, amma abin da matar nan ta ƙarar da rayuwarta a kai kalma ce a kan takarda.

Ƙofa ta fara buɗewa a 2009, a taron cika shekara 20 a Anfield. Minista Andy Burnham ya tashi zai yi jawabi, dubban mutane suka katse shi da kiran a yi wa mutum 96 adalci, adadin mamatan a lokacin ke nan. Ya koma ya matsa a fito da takardun da ke ɓoye. Aka kafa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Bishop James Jones, ya duba shafi kusan 450,000, ya fitar da rahoto ranar 12 ga Satumban 2012. An gano cewa an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, a 116 daga ciki an goge kalaman da ke sukar rundunar. An gano an binciki sunayen mamatan a kwamfutar 'yan sanda ko za a samu abin ɓata su. An kuma gano cewa mutum 41 na iya rayuwa da an kai musu ɗauki yadda ya kamata. A ranar Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. A Disamban shekarar babbar kotu ta soke hukuncin 1991. Anne Williams ta ga wannan, ta halarci taron tunawa na Afrilun 2013 a keken marasa lafiya, ta rasu bayan kwana uku sakamakon ciwon daji.

Sabon zaman bincike ya ɗauki shekara biyu a garin Warrington. A nan Duckenfield ya amsa da bakinsa cewa ya yi ƙarya game da ƙofar, kuma rashin rufe hanyar nan ne ya jawo mutuwar. Ranar 26 ga Afrilun 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma halin 'yan kallo bai taka wata rawa ba. Shekara 27 ke nan.

Ko an yi adalci? A ganina rabi aka yi. An wanke sunan mamata, amma ba wanda ya kwana a gidan yari. A Nuwamban 2019 kotu ta wanke Duckenfield daga tuhumar kisa ta hanyar mummunan sakaci. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, tsohon sakataren Sheffield Wednesday, kan ƙarancin ƙofofin shiga, aka ci shi tarar fam 6,500. Shari'ar tsofaffin 'yan sanda biyu da lauya ɗaya kan sauya bayanai ta rushe a 2021, domin alƙali ya ce bayanan an shirya su ne don binciken Taylor, shi kuwa ba kotu ba ne, saboda haka ba za a ce an karkatar da shari'a ba. Wannan ramin ne iyalan suka koma suna neman a toshe da dokar da ake kira Dokar Hillsborough, wadda za ta wajabta wa jami'an gwamnati faɗin gaskiya a gaban bincike, ta kuma ba iyalan mamata lauyoyi kamar yadda hukuma ke da su. An gabatar da ƙudurin a majalisar Birtaniya a Satumban 2025. Dokar ba za ta amfani 'ya'yansu da komai ba, don iyayen da wani bala'in zai samu nan gaba suke yi.

Harsunan wutar da ke rigarka suna wakiltar wutar da ba a kashewa a wurin tunawa da ke Anfield, inda aka zana sunayen duka. In ka samu tsohuwar riga za ka ga 96 ne a jiki. Na 95 yaro ne da ya cika a asibiti kwanaki kaɗan bayan abin, na 96 ya yi kusan shekara huɗu bai farfaɗo ba ya rasu a 1993. Na ƙarshensu, Andrew Devine, yana da shekara 22 aka matse shi a wannan keji har ƙwaƙwalwarsa ta samu mummunar illa. Iyalinsa suka yi jinyarsa shekara 32. Ya rasu a Yulin 2021 yana da shekara 55, mai binciken mutuwa ya ce shi ma kashe shi aka yi ba bisa ƙa'ida ba, aka ƙara sunansa a jikin dutsen, aka canza lambar zuwa 97.