Tsuntsu hijira yake yi, ƙaura, ko ci-rani?

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Ingila ya aiko da tambaya. Ya ziyarci Portland Bill, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku a gundumar Dorset, inda masu nazarin tsuntsaye suke da tasha. A watan Afrilu ya ga suna kama ƙananan tsuntsayen da suka ƙetaro teku, su sa musu zobe a ƙafa su sake su, da dare kuma su kunna fitila a kan akwati don tara ƙwari masu fukafukai. Yana son ya ba mahaifinsa labari da Hausa, sai kalmomi suka tsaya masa: wannan tafiya ta tsuntsaye hijira ce ko ƙaura? Ƙwarin kuma me ake ce musu?

Ɗana, ka ajiye hijira gefe. Kalma ce mai nauyin addini da tarihi, tun daga hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, kuma a bakin mutane yau tana tafiya da gudun fitina, shi ya sa muke cewa 'yan gudun hijira. Ƙaura ta fi kusa, za a kuma fahimce ka, amma wanda ya yi ƙaura ya kwashe kayansa ne ba da niyyar dawowa ba. Tsuntsayen nan kuwa kowace shekara suna komawa inda suka fito, wasu ma sheƙarsu ta bara suke nufa.

Ni ci-rani na zaɓa. Ɗan ci-rani yakan bar gida bayan kaka, ya nemi abinci a wani gari, ya dawo da faɗuwar ruwa. Haka shamuwa take yi. A garuruwanmu take sheƙa da ƙyanƙyasa a damina, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka, kuma manomi da ya hango ta a kan bishiya ya san lokacin gyaran gona ya yi. Tsuntsayen da ka gani ma ranin suke ci, da yawansu a wurinmu. Agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa daga Turai suna cika fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi daga wajen Oktoba zuwa Maris, kafin su sake ƙetare Sahara.

Wannan alaƙa ba ƙarama ba ce. A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bincika, farin da ya fara a yankin Sahel ne sanadi. Farin da ya ci dabbobin iyayenmu shi ya hana tsuntsun komawa. Idan ka ba Baba wannan labarin, zai gane shi tun kafin ka ƙarasa.

Game da lokacin, ka ce bazara, watannin sun yi daidai. Sai dai ka bayyana masa cewa bazarar Ingila fitowa ce daga sanyi, ganye na tohowa, ba irin zafinmu ba.

Ƙwarin dare su ne suka fi wuya. Muna da asu, amma asu a bakin Bahaushe shi ne ƙaramin nan mai cin tufafi a akwati, ba zai ɗauki manya masu zane a fukafukai ba. Ba kuma shinge ba ne, shi daga gara yake. Ƙwarin da ka gani dangin malam-buɗe-littafi ne. Na rana in ya sauka yakan haɗe fukafukansa sama ya buɗe, daga nan sunan ya samo asali, yawancin na dare kuwa shimfiɗa su suke yi. Ka ce malam-buɗe-littafin dare. Cikinsu ma akwai 'yan ci-rani da iska ke kaiwa Ingila daga kudancin Turai da arewacin Afirka.

Tunda maganar tsuntsaye muke yi, wata baiwar Allah daga Damagaram ita ma ta tambayi ma'anar "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi". Ana faɗarsa ne don nuna cewa halin mutum da maganarsa suna bayyana tarbiyyar da ya taso da ita, ko da yabo ko da zargi. Gaskiyarsa ta kai har ga tsuntsayen kansu, domin da yawa cikin masu rera kuka suna koyonsa ne daga manyansu tun suna ƙanana, har a ji bambanci tsakanin na wannan yanki da na wancan.