Filin Tambaya da Amsa: Wane soja zan ajiye ya tsare min gari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara kan gem ɗin Civilization IV. Ni dai duk garin da na kafa sai na cika shi da 'yan takobi da mahayan dawaki saboda na ga lambar ƙarfinsu ta fi ta maharba, amma da kwamfuta ta kawo min yaƙi sai ta kwashe garuruwan nawa ɗaya bayan ɗaya. Wai wane soja ne ya fi dacewa da tsaron gari? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalarka wannan lambar ce da kake kallo, don a gem ɗin nan da ya fito a 2005 lambar da ke jikin soja ba ita kaɗai ake faɗa da ita ba, akwai ƙarin da wurin da yake tsaye ke ba shi.

Ɗauki maharbi, ƙarfinsa 3 ne kacal, ɗan takobi kuwa 6, kowa ya gani zai ce ai magana ta ƙare. To amma maharbi yana shiga gari yake samun ƙarin kashi 50 cikin 100, in ka bar shi ya ja daga bai motsa ba kowane zagaye ana ƙara masa kashi 5 har ya kai 25, in garin a kan tudu yake tudun ya ba da 25 shi kuma maharbin yana da nasa 25 na tudu, ka gina ganuwa ta ƙara 50. Haɗa lissafin ka gani, wannan ɗan 3 ɗin ya koma wajen 8, ga shi yana da damar fara harbi kafin a taɓa shi, ga arha. Shi ko ɗan takobi an yi shi ne don fasa garin wasu, baiwar tasa ta kai hari ce, ka zaunar da shi gadi ka yi asarar kuɗinka. Mahayan dawaki ma sun fi muni, ba sa samun ƙarin tsaro na wuri ko kaɗan, ko tudu ko daji ko ganuwa, doki aikinsa ya fita ya sari wanda ya jikkata ya dawo.

Amma kar ka ji haka ka je ka tara maharba zalla, nan ma mutane da yawa ke faɗuwa. Gem ɗin da kansa yake zaɓo wanda ya fi dacewa cikin sojojin garin ya tari duk wanda ya kawo hari, shi ya sa gauraya ke da daɗi. Ajiye ɗan mashi ɗaya, yana da ƙarin kashi 100 a kan dawaki, ajiye ɗan gatari ɗaya, yana da 50 a kan 'yan takobi da ire-irensu, sai maharba biyu ko uku su zama ginshiƙi. Kuma ka riƙa leƙa maƙwabcinka, in ka ga yana da dawaki a ƙasarsa ka san mashi kake buƙata, in ƙarfe ne ka ƙara gatari. Ka gina bariki tun da wuri yadda sojan zai fito da ƙarin girma ka ba shi na tsaron gari. Da ka samu 'yan dogon baka masu ƙarfi 6 kuwa ka huta na tsawon lokaci, sai bindiga ta shigo, don ita ganuwa ba ta aiki a kan masu albarushi.

Abin da ya fi damuna da masu tsaro shi ne zaman jira. Kwamfuta ba da soja ɗaya take zuwa ba, tari guda take kawowa da majaujawa, wato injin jefa duwatsu, a ciki, su fara rushe ƙarin tsaron garin, sannan su jefa duwatsu su raunata sojojinka da yawa lokaci guda, kafin ka ankara maharban nan masu 8 sun zama ba komai. Maganin shi ne kai ma ka ajiye majaujawa biyu ko uku, suna sauka a gindin garin ka riga su dukan, tarin nasu ya jikkata, sai dawakan nan naka su fito su ƙarasa. Kuma ba kowane gari ke son runduna ba, na tsakiyar ƙasa soja ɗaya ya ishe shi, na bakin iyaka da na bakin teku su za ka cika, ka haɗa su da hanya don agaji ya iso da sauri.

TAMBAYA: Malam wannan tsarin zai yi aiki a Civilization V da VI? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa rabi zai yi, rabi ba zai yi ba. Tun daga na V da ya fito a 2010 aka hana tara sojoji a gida ɗaya na taswirar gem ɗin, soja ɗaya ne ke zama cikin gari, garin kuma yana da nasa jini, wato ma'aunin ƙarfin da duka ke ragewa, yana harbi da kansa, a na VI da ya fito a 2016 sai kin gina ganuwa tukuna zai fara harbi. Don haka ki sa mai harbi daga nesa a ciki, masu faɗan gaba da gaba ki jera su a waje kan tudu ko bayan kogi. Ki kuma sa ido kan 'yan takobi da dawakan maƙiyi ki fara kashe su, saboda masu harbi daga nesa ba sa iya kama gari, ko sun ƙarar da jininsa dole sai wani ya taka ya shiga.