In sayar da bijimin huɗa don awon jinin Faransa?

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 13. Shekara biyu ke nan yana tangaɗi in yana tafiya, hannunsa na rawa, har alli ya fara gagararsa riƙewa a lakkol. Da irin wannan ciwo yayarsa ta rasu. Ni da mahaifiyarsu auren zumunci muka yi. Ƙanena da ke Faransa ya ce akwai awon jini mai suna NfL da ke nuna lalacewar ƙwaƙwalwa, amma sai na sayar da bijimin huɗata kuɗin za su cika. In sayar? Daga wani magidanci, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Allah ya jiƙan yarinya, ya ba yaro lafiya. Malam, kada ka sayar tukuna.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, awon yana nan. NfL wani sinadari ne da ke cikin zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. In zaren ya lalace sai ya tsiyayo cikin jini, ɗan mitsitsi, sai na'ura ta musamman ke iya auna shi. Likitoci na ɗaukarsa da muhimmanci: a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin tofersen na wani nau'in ciwon ALS na gado (ciwon da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsokar jiki), hujjarta kuwa ita ce ya rage NfL a jinin majinyata.

Sai dai NfL hayaƙi ne. Zai ce maka akwai wuta a gidan, ba zai nuna ɗakin da ta kama ba. Bugun kai na ɗaga shi, shanyewar ɓarin jiki na ɗaga shi, ciwon ƙoda ma haka, kuma ma'auninsa na canjawa da shekaru. Kai kuwa ka riga ka ga hayaƙin da idonka, duk safiya in yaron na kokawa da maɓallin rigarsa. Amfanin awon yana fitowa ne bayan an san sunan ciwon an fara magani, a riƙa maimaita shi a ga ko lambar na sauka. Awo guda, babu suna, babu magani, takarda ce kawai za ta dawo maka.

Sunan ciwon za ka nema. Ka fara da Babban Asibitin Damagaram, ka roƙi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko da sai an je Yamai ko Kano, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Ina roƙonka ka ambata masa abu biyu, domin suna cikin cututtukan gado masu magani. Na farko ciwon Wilson, inda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Ana gano shi da awon jini da na fitsarin yini da kwana, likitan ido kuma ya haska ya duba ko akwai zobe mai ruwan tsatsa kewaye da baƙin ido. In an kama shi da wuri, ƙwayoyi na tsayar da shi. Na biyu tangaɗin da ƙarancin bitamin E na gado ke kawowa. In waɗannan ba su ne ba, awon ƙwayoyin gado shi ya cancanci kuɗin bijimi, nan ƙanenka zai yi rana.

Kafin nan ga abin da ba ya cin ko dala. Duk farkon wata ka ɗauki bidiyon yaron a waya yana tafiya daga zaure zuwa bakin randa, sa'an nan ya rubuta sunansa a littafi guda, ka sa kwanan wata. Likita zai karanta abubuwa da yawa a ciki. Ka haɗa da duk takardun asibitin marigayiya.

Batun zumunci kuwa, kada kowa ya ɗora wa mahaifiyarsu laifi. Yawancin irin waɗannan cututtuka kamar sikila suke gadonsu: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, kuma kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na fitowa da ciwon. Saboda haka in suna da ƙanne, ranar da aka samu sunan ciwon ka tambayi likita ko su ma za a auna su, tun ba su fara nuna alama ba.