Tambayi Makanike: Fankar lagireto ta ƙi juyawa, an ce a haɗa ta kai-tsaye

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Makon jiya da azahar na shiga cunkoso wajen Tsohuwar Kasuwa, sai na ga allurar zafi ta haura har ta kusa taɓa jan layi. Na samu gefe na tsaya, na ɗaga bonet, na tarar fankar lagireto ko motsi ba ta yi. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar Asabar na je Bodinga na dawo, allurar ba ta wuce tsakiya ba. Mai gyaran da na kai wa ya ce a haɗa fankar kai-tsaye da makulli, a cire tamostat, wai garinmu ba Turai ba ne. Kafin in amince na ce bari in ji ta bakinka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka dakata. Kada ka bari a haɗa ta, kada kuma ka bari a cire tamostat ɗin, wato 'yar ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi. Dalili na zuwa, amma mu fara da tafiyarka ta Bodinga, domin ita ce ta gama fallasa mai laifi.

Mota idan tana gudu a buɗaɗɗen titi, iskar da ke dukan gabanta ta isa ta sanyaya ruwan lagireto, fanka ba ta da aiki. Aikinta yana tashi ne a wuraren da mota ke rarrafe ko take tsaye injin na kunne: cunkoson kasuwa, shataletalen Dandima lokacin tashin ma'aikata, ƙofar makaranta kana jiran yara. To motar da ta je Bodinga ta dawo lafiya, amma ta ɗau zafi tsakanin 'yan kabu-kabu da masu baro, ta gaya maka cewa lagiretonta bai toshe ba, famfon ruwanta na aiki, tamostat ɗinta na buɗewa. Da ɗayansu ne ya lalace, a kan babban titi za ka fi ganin zafin. Saura fanka da abin da ke kai mata wuta.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: fankar lantarki ba ta juyawa da zarar an tayar da mota, kuma haka aka yi ta. Sai ruwan injin ya doshi digiri 95 zuwa 100 take tashi, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Mu da muka taso da Fijo 504 mun saba ganin fanka na juyawa da bel tun daga tashin inji, shi ya sa har yau dattijo zai zo gareji da sassafe yana cewa, "Mi ya samu hwankag ga? Na tada mota ba ta motsa ba." Sai in ce, "Baba, zamna ka sha shayi, yanzu za ta tashi." Taka kam, Malam, da allura a bakin ja kuma fanka na barci, tabbas akwai matsala.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sukundireba. Tayar da mota, kunna na'urar sanyaya ciki, ka leƙa. A yawancin motoci, har da irin taka, da zarar kwamfiresa, wato famfon gas ɗin na'urar, ta kama, fanka za ta tashi ko da injin bai yi zafi ba. Idan ta tashi, to motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, da fis ɗinta lafiya lau suke, hankali ya koma kan sensar zafin ruwa. Sai dai gwajin nan ba ya aiki idan gas ɗin na'urar ya tsiyaye, domin kwamfiresa ba za ta kama ba. Kuma don Allah naɗe hannun rigarka, ka cire carbi ko duk abin da ke lilo kafin ka sunkuya. Fankar nan tana iya tashi ba sallama, a wasu motocin ma ko an zare makulli. Na ga babbar riga da ta koma tsumma a cikin daƙiƙa ɗaya, Allah ya sa a rigar abin ya tsaya.

Idan ba ta tashi ba, kashe mota ka buɗe baƙin akwatin fis da ke kusa da batir. A bayan murfin akwai zanen wurin kowane fis. Na fanka babba ne, mai lamba 30 ko 40, a Toyota da yawa za ka ga an rubuta RDI a wurinsa. Idan zaren cikinsa ya tsinke, sa wani mai lamba ɗaya da shi. Ban ce a naɗa masa silin waya ko takardar kwalin taba ba, wannan shi ne kiran gobara da sunanta. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, kar ka sa na uku. Fis ba ya mutuwa haka kawai: ko dai motar fankar ta cije tana jan wutar da ta wuce kima, ko wata waya ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Kana nan a wurin, tura fiffiken fankar da yatsa, makulli na aljihunka. Ya kamata ya juya sakayau. Sau da yawa na sha zaro ledar fiya-wata da ta nannaɗe a gindinsa.

Daga fis sai rile, ɗan akwatin nan mai ƙafafu huɗu ko biyar. Aikinsa shi ne ya karɓi 'yar ƙaramar wuta daga kwamfutar mota, ya buɗe wa babbar wuta hanya zuwa fanka. A irin da aka fi sani, ƙafa mai lamba 85 da 86 su ne na umarnin, 30 da 87 su ne na babbar wutar. Zafin garinmu da yawan kunnawa da kashewa suna cinye bakin ƙarfen da ke cikinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce musaya: nemi wani rile a akwatin mai siffa da lamba iri ɗaya, sau da yawa na hon yakan dace, ka sa shi a gurbin na fanka. Idan fanka ta farka, ka gama, kuɗin da za ka kashe bai kai na man da ka ƙona zuwa Bodinga ba. A cikin motocin da ake kawo mini da wannan ciwon, rile da soket ɗin da ya narke sun fi komai yawa.

Idan har yanzu shiru, a gwada motar fankar ita kaɗai. Mai gyaran wuta zai cire soket ɗinta ya ba ta wuta da waya biyu daga batir. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, kusan 14 idan tana kunne, don haka a tabbatar da shi tukuna. Ta juya da ƙarfi, lafiyarta ƙalau. Ta ƙi juyawa sai an ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba, to kabon ɗinta, ɗan gawayin da ke kai wuta cikinta, ya cinye, ko a canza shi ko a sayi wata. A duba soket ɗin kansa ko ya yi baƙi, a duba wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota ko tsatsa ta ci wurin ɗaurinta, a bi wayoyin da ido, domin ɓeraye na son kwana a kan inji lokacin hunturu kuma ba sa tashi da yunwa. Masu Fijo 406 su lura, tasu fankar tana da wani ɗan abu mai rage wuta don ta yi gudu a hankali, yana yawan ƙonewa, sai fanka ta daina tashi sai zafi ya kai maƙura.

Yanzu ga sensa. Tana ɗaure a kan inji, bakinta a tsome cikin ruwa, tana gaya wa kwamfuta yawan zafi. A Toyota, idan ka cire soket ɗinta mota na kunne, kwamfuta takan ɗauka akwai haɗari ta saki fanka gaba ɗaya. Idan ta tashi a haka, ka san daga fis har motar fanka babu mai laifi. Mai mita zai auna sensar: da sanyi, wajen digiri 20, tana ba da om (ma'aunin tirjiyar wuta) dubu biyu da 'yan kai, idan ruwa ya kai digiri 80 ta sauko wajen 300. Tunda motarka ta 2005 ce, tana da wurin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin P0115 zuwa P0118 na sensar ne. Biyan kuɗin wannan binciken ya fi sayen kaya a kan zato.

Amma kafin ka zargi sensa, duba ruwa, da safe, injin na sanyi ƙarara. Idan ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga, sensar ba ta cikin ruwa, abin da take faɗa wa kwamfuta ƙarya ne. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi. Murfin yana riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa har ya kusa digiri 120, kana murɗa shi ruwan zai yi tsalle ya same ka a fuska. Ina da tabo a damtsen hagu tun ina yaron gareji, kullum shi nake nuna wa yarana maimakon dogon wa'azi. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya. Ka leƙa cikin butar shayin gidanku ka ga farin dattin da ya daskare, shi ne yake taruwa a cikin lagireto da bakin sensa. Sayi ruwan lagireto mai launi, yana hana tsatsa.

To mu koma ga shawarar mai gyaranka. Ban ce mugu ba ne, haka ya tarar ana yi, ni ma na yi shekaru ina yi kafin marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ni. Hujjarsu ita ce zafin Sakkwato, inda a watan Afrilu da Mayu rana ke wuce digiri 40. Amma inji ba jikin mutum ba ne. An ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Jamus yake ko a Illela. Tamostat ita ce ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wannan zafin, sannan ta buɗe. Ka cire ta, ka bar fanka tana hurawa dare da rana, da asubar Disamba da Janairu injinka zai daɗe bai ɗumama ba. Kwamfuta kuwa muddin tana ganin sanyi za ta riƙa ƙara fetur, ka yi ta zagin gidan mai alhali a gareji aka yi maka illar. Fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya lalace da wuri, zoben fistin ya ci kansa.

Ita ma fankar ba a yi ta don juyawa ba hutu ba. Kabon ɗin da zai yi shekaru sai ya ƙare da wuri, kuma ranar da za ta mutu ba za ka sani ba, domin ka daina sauraron tashinta da tsayawarta. Mafi muni, da yawa idan za su haɗa, suna tsallake fis, su ja siririyar waya daga makulli. Fankar da ke jan wuta mai yawa a kan siririyar waya ba fis, ƙarƙashin bonet mai tururin fetur, kai ma ka san ƙarshen zancen. Wuri ɗaya na yarda da haɗin kai-tsaye: rile ko sensa ta mutu maka tsakanin Tambuwal da gida, dare na yi. A haɗa, a sa fis a kan wayar, ka iso, washegari a kwance.

Kafin ka samu gyara, idan allura ta sake haurawa kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe, ka sauke gilasai. Na san a Sakkwato wannan kamar horo ne, amma hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji. Samu inuwa ka kashe mota, ka ba ta aƙalla rabin awa. Kada 'yan taimako su kwara mata ruwan sanyi a ka. Kan injin Corolla alminiyom ne, yana lanƙwashewa, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya ƙone. Tunda allurarka ta kusa ja sau ɗaya, zaro sandar baƙin mai ka duba. Idan ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, kawo ta a auna kafin ka sake hawa.

TAMBAYA: Ni kuma tawa akasin haka take yi. Idan na kashe mota na shiga gida, sai in ji fanka na ta juyawa. Daga wata ma'aikaciyar jinya, Arkilla.

AMSA: Hajiya, idan bayan minti biyu zuwa biyar takan yi shiru, ba komai, wasu motocin haka suke sauke zafin da ya rage. Idan kuwa har kika yi sallah kika ci abinci tana nan tana kuka, rile ne ya manne. Buɗe akwatin fis ki zare shi, in ba ki gane shi ba ki sa a cire baƙin kan batir, in ba haka ba da safe sai an tura ki. Ki tafi da tsohon a hannu wurin masu kayan gyara, a ba ki mai lamba irin tasa.