Tambaya da amsa: Taimtebur ɗin karatun yarana a gida kullum wargajewa yake, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a Zariya, yarana biyu, mace 'yar shekara 9 da namiji ɗan shekara 6, wannan zangon ni nake koya musu a gida saboda mun koma bayan gari makarantarsu ta yi mana nisa. Na ji ana cewa a haɗa karanta littafin labari da fita kallon itatuwa da tsuntsaye, kuma abin ya burge ni. Duk daren Lahadi sai na zauna na cika takarda da taimtebur amma kafin Talata komai ya watse, sati ya ƙare ban ma san me suka koya ba. Dan Allah a taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri ya raya yaran. Ban ga takardar taki ba amma gaskiya ina kyautata zaton kin kwaso taimtebur ɗin firamare ne kin dasa shi a falonki, darasi bakwai takwas kowanne minti arba'in, alhali ke kaɗai ce malama ke ce mai girki ke ce mai tarar baƙi, to dole ya watse.

Wannan tsarin da kika ji labari asalinsa wata malama ce a Ingila mai suna Charlotte Mason, an haife ta 1842 ta rasu 1923, ta buɗe makarantar horar da malamai a garin Ambleside a 1892. Ita abin da ta dage a kai shi ne darasin ƙaramin yaro ya zama gajere, minti 10 zuwa 20, a karanta masa littafi mai daɗin labari sau ɗaya tak sannan a rufe a ce ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Wannan sau ɗayan ki riƙe shi da kyau, domin in yaro ya san za a maimaita masa ba zai kasa kunne ba. Mu kuma abin ba baƙo ba ne, duk yaron da ya tashi da tatsuniya ya san yadda ake ji a wurin kaka a je a ba ƙanne.

To ga yadda ni zan tsara da nice ke. Kwana huɗu kawai na karatun zaune, Litinin zuwa Alhamis, daga bayan karin kumallo zuwa wajen sha ɗaya, kafin rana ta take kuma kafin lokacin islamiyya ya matso. Lissafi a farko tun kai na sanyi, sai rubutu kaɗan, sai littafi. Littafi ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci ya isa, kar ki tara biyar. Na Hausa kina iya farawa da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, labaransa guntu-guntu ne suna shiga zama ɗaya, sai dai ki riga su karantawa ki zaɓi wanda ya dace da shekarunsu. Ƙaramin ki karanta masa sakin layi ɗaya ki tsaya ya faɗa, babbar tana iya ɗaukar shafi biyu uku. In yana ba da labarin kar ki katse shi da gyara, ko ya juya sunan sarki ki bari ya kai ƙarshe sannan 'yar'uwarsa ta cike abin da ya bari. Satin farko zai iya ce miki jimla ɗaya ya yi shiru, haka ake farawa.

Fita kuwa nan ne na fi so ki ba ƙarfi. Ita Mason tana cewa yara su yi awa huɗu zuwa shida a waje daga Afrilu zuwa Oktoba, amma wannan yanayin Ingila ne, Afrilu a Zariya ai ba mai sa yaro a rana. Ke ki ɗauki safiyar Juma'a ko bayan la'asar, awa ɗaya, kowa da ɗan littafinsa mara layi da fensir. Ki zaɓi bishiya ɗaya kusa da gida ku dinga komawa wurinta duk sati, su zana ganye ɗaya yadda suka gan shi su rubuta kwanan wata. In Allah ya sa akwai kuka da gawo a kusa to kin samu darasin shekara guda kyauta, domin kuka tana zubar da ganye da rani ta yi kore da damina, shi kuwa gawo akasin haka yake, da damina yake tsayawa ba ganye sai an shiga rani ya yi kore shar, shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gonar gero, ba ya tare wa shuka rana kuma ganyen da ya zubar taki ne. Kar ki faɗa musu wannan tun farko don Allah, ki bari littafin zanensu ya nuna musu bayan wata shida, ranar da babbar za ta gano da kanta ba za ta taɓa mantawa ba. Haka furen mangwaro lokacin hunturu, da ranar da suka fara ganin shamuwa gab da faɗuwar damina, da shinge bayan ruwan farko, duk a rubuta da kwanan wata.

Bitar sati kuma ki daina ƙirga abin da ba a yi ba. Ranar Asabar ki zauna da su minti goma ki ce kowa ya faɗi abin da ya fi tunawa a littafi da abin da ya gani a waje, ke kuma ki rubuta a rabin shafi da kalmominsu, ki ƙara layi biyu naki, ina aka samu cikas kuma da wane lokaci. Sau da yawa za ki ga matsalar ta lokaci ce, misali kin sa lissafi daidai lokacin ɗora tukunya. Abin da ba a gama ba ya zama farkon sati mai zuwa, kar ki ninka shi. Littafin da suka yi sati biyu ba sa iya ba da labarinsa ki ajiye shi sai baɗi.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma babbar ta kusa shekarun jarrabawar shiga sakandare. Don haka ki karɓi manhajar ajinta a hannun tsohuwar malamarta ki dinga duba lissafi da Turancinta da ita duk ƙarshen wata, ku kuma zauna da babansu kan lokacin da za su koma aji. Ki gwada wannan sati uku ki sake rubuto min abin da ƙaramin ya faɗa a bitarsa.