Me ya kai sista zanga-zanga?

Tambaya: Ni ɗan Katolika ne, kuma sistoci ne suka koyar da ni a firamare. Abin da na taso na sani, aikin sista addu'a ne da makaranta da asibiti. Amma yanzu ina ganin hotunan wasu a ƙasashen waje riƙe da kwalaye a wurin zanga-zanga, wasu ma har 'yan sanda na kama su. Ikilisiya ta yarda da wannan kuwa? Ba siyasa suka shiga ba? (Daga wani mai karatu a Zonkwa)

Amsa: Ɗan'uwa, Ikilisiya ta yarda, amma ta gindaya iyaka, kuma a kan iyakar nan an sha kai ruwa rana tsakanin sistoci da fadar Vatikan.

Sistoci kashi biyu ne. Akwai masu zaman kulle, irin 'yan Karmel, waɗanda aikinsu addu'a ne a cikin gidansu, da wuya ka gan su a waje. Akwai kuma masu hidima a cikin jama'a, irin waɗanda suka koyar da kai. Dukansu sun ɗauki alkawari uku: talauci, zaman rashin aure, da biyayya. Waɗanda kake gani a titi daga kashi na biyu suke, kuma yawancinsu ajin nan da asibitin nan da ka ambata ne suka tura su can.

Dubi abin da ya faru a garin Selma na jihar Alabama a Amurka. Ranar 7 ga Maris 1965 baƙaƙen fata suka fito tattaki don neman 'yancin jefa ƙuri'a, 'yan sanda suka tare su a kan gada da kulake da barkonon tsohuwa. Asibitin Good Samaritan, wanda ke karɓar baƙaƙe a garin, sistocin St. Joseph ne ke aiki a cikinsa. Babban bishop ɗinsu ya hana su shiga tattakin, suka yi biyayya, amma su suka kwana suna ɗinke kawunan da aka fasa. Bayan kwana uku wasu sistoci shida suka iso daga birnin St. Louis, suka shiga sahun gaba cikin dogayen rigunansu. Ɗaya ce baƙar fata a cikinsu, Sista Antona Ebo, wadda ta faɗa wa 'yan jarida cewa ta zo ne a matsayinta na baƙa, sista kuma 'yar Katolika, don ta ba da shaida. Wanda ya saba wanke rauni iri ɗaya kullum, wata rana sai ya tambayi wa ke jin wa mutanen nan ciwo.

A 1965 ɗin ne kuma babban taron Vatikan na Biyu, taron bishop-bishop na duniya da aka fara a 1962, ya kammala. Taron ya umurci kowace ƙungiyar sistoci ta koma ga Bishara, ta kuma binciki manufar wadda ta kafa ta. Da aka buɗe tsofaffin takardu, sai aka tarar da yawa daga cikin iyayen nan ba mata ne masu naɗe hannu ba. Catherine McAuley, alal misali, gida ta buɗe a Dublin a 1827 don matalautan mata da 'yan aikatau da ba su da wurin kwana. A 1971 taron bishop-bishop a Rum ya fito fili ya ce aikin tabbatar da adalci wani ɓangare ne na shelar Bishara kanta. Kafin shekarar ta fita, sistoci 47 suka haɗu a Washington suka kafa ƙungiyar NETWORK, aikinta shiga majalisa don kare muradin talaka a lokacin da ake tsara doka da kasafin kuɗi.

Wasu sun biya da ransu. A El Salvador, ranar 2 ga Disamba 1980, jami'an tsaro suka kashe sistoci uku, Maura Clarke da Ita Ford da Dorothy Kazel, tare da wata ma'aikaciyar mishan, Jean Donovan, watanni bayan harbe Akbishop Oscar Romero. Laifinsu kula da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Amma wadda na fi son ɗalibai su sani ita ce Sista Dorothy Stang. Ba'amurkiya ce da ta tafi Brazil a 1966, ta ƙare a yankin Anapu cikin dajin Amazon, tare da ƙananan manoman da masu manyan garken shanu da masu saran itace ke kora daga gonakinsu. Makamanta taswira ce da takardun fili da Littafi Mai Tsarki, tana yawo da su daga wannan ofis zuwa wancan, ta san wane fili ne na gwamnati, wane ne aka yi wa takardar bogi. Ranar 12 ga Fabrairu 2005 'yan bindiga biyu da aka yi haya suka tare ta a wata 'yar hanya a daji, tana da shekara 73. Wanda ya ga abin ya ce ta ciro Littafi ta karanta musu daga wa'azin Yesu a kan dutse, sannan suka harbe ta. Daga baya kotu ta ɗaure mai garken da ya biya kuɗin. Ba ta taɓa tsayawa takara ba, rikicin gona ne ya ci ta, abin da ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba.

To ina iyakar? Dokar Ikilisiya ta 1983 ta hana fada da sista riƙe muƙamin gwamnati mai iko, ta kuma hana su zama 'yan gaba-gaba a jam'iyya sai da izini na musamman. A 1983 ɗin ne irin wannan magana ta taso a kan Sista Agnes Mary Mansour, wadda gwamnan Michigan ya naɗa shugabar ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ma'aikatar tana biyan kuɗin zubar da ciki ga mata marasa hali. Rum ta ce ta zaɓa, ko kujera ko alkawarinta, ta ajiye alkawarin. A 2012 kuma ofishin koyarwa na Vatikan ya tuhumi babbar ƙungiyar shugabannin sistocin Amurka da cewa sun cika surutu a kan talauci, sun yi gum a kan zubar da ciki, aka ɗora musu bishop-bishop masu sa ido. Sai a 2015, zamanin Paparoma Francis, aka rufe maganar cikin lumana.

A nawa ganin, zargin bai cika adalci ba, amma ba fanko ba ne. A 2012 ɗin ne NETWORK ta ɗauki bas ta zaga jihohi tana sukar kasafin kuɗin da 'yan Republican suka kawo, ana tsakiyar kakar zaɓe. Maganarsu a kan talaka gaskiya ce, sai dai a irin wannan lokaci da wuya mai kallo ya bambance mai wa'azi da mai kamfe. Masu suka kuma suna nuna cewa sistocin Amurka sun kai kusan 180,000 a 1965, yau ba su kai 40,000 ba. Ban yarda zanga-zanga ce ta jawo haka ba, domin a shekarun nan ne ƙofofin aiki da karatu suka buɗe wa mata, iyalai kuma suka rage haihuwa.

Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. A Benin ta jihar Edo, sistocin Najeriya sun kafa kwamitin COSUDOW tun 1999, suna karɓar 'yan matan da aka yi safararsu zuwa Italiya, su ba su masauki, su koya musu sana'a, su shiga ƙauyuka suna gargaɗin iyaye a kan masu alkawarin aiki a Turai. Irin wannan aiki ne ya haɗu ya zama Talitha Kum a 2009, haɗakar sistocin duniya masu yaƙi da safarar mutane. A Kaduna, Sista Kathleen McGarvey ta ƙungiyar sistocin Our Lady of Apostles (OLA) ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a 2010, a garin da kowa ya san abin da rikicin addini ya yi masa. A Fabrairun 2019 kuwa, 'yar Najeriya ce, Sista Veronica Openibo, ta tsaya gaban Paparoma da shugabannin bishop-bishop na duniya a taron da aka yi kan lalata da yara, ta tambaye su dalilin da ya sa Ikilisiya ta yi shiru tsawon shekaru, ta kuma ƙaryata masu cewa matsalar ba ta shafi Afirka ba.

Idan ka ga sista da kwali a hannu, abu biyu za ka duba. Shin shugabar ƙungiyarta ta san da fitowarta? Sannan me ke rubuce a kwalin? In haƙƙin marayu ne ko na manoma ko na waɗanda aka sace, tana cikin hurumin da Ikilisiya ta ba ta. In sunan ɗan takara ne da alamar jam'iyya, kana da damar ka kai maganar gaban bishop.