Faifan SSD a cikin sabar: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun sayi sabar Dell PowerEdge ta hannu don ɗakin kwamfutar makarantarmu. Na zura mata SSD biyu sababbi, fitilarsu tana kamawa, amma da na zo girka Windows Server sai ya nuna babu faifai ko ɗaya. Ko jabu aka sayar mana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, da wuya matsalar ta zama ta jabu. A irin wannan sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, faifan SSD da ake ajiye bayanai a kansa ba ya haɗuwa da kwamfutar kai tsaye. Akwai katin RAID a tsakaninsu, mai haɗa faifai su yi aiki tare, wanda Dell ke kira PERC, kuma Windows ba zai ga komai ba sai abin da katin ya miƙa masa. Ka kunna sabar, ka danna F2, ka shiga saitin katin. Idan ka ga faifan biyu a can, to lafiyarsu ƙalau. Sai ka haɗa su a RAID 1, wato kowanne ya riƙa ɗaukar kwafin ɗan'uwansa, sannan ka koma girkawa. In har yanzu Windows bai gani ba, direban katin ne babu, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin. Ka sauko da shi a filas ka ɗora masa a daidai wurin da yake tambayar faifai.

Wanda ya zura faifan da aka taɓa amfani da shi a wata sabar zai ga an rubuta Foreign a gabansa. Akwai zaɓi biyu a nan, Import da Clear. Na farko yana dawo da tsohon tsarin da bayanansa, na biyu yana share tsarin. Don Allah kada kowa ya danna Clear alhali akwai abin da yake so a ciki.

Idan kuma ko katin bai gan su ba, ka duba irinsu, domin SAS da SATA da NVMe hanyoyi ne daban-daban na haɗa faifai da kwamfuta. Ramin SAS yana karɓar faifan SATA, amma faifan SAS ba ya aiki a inda SATA kaɗai aka tanada. Shi kuwa NVMe mai siffar U.2 bakinsa ya yi kama da na SAS ƙwarai, sai dai hanyarsa ta PCIe ce, in ramin ba a yi shi dominsa ba, ba zai taɓa bayyana ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da sabar wani ƙaramin kamfani, muna amfani da manhajar Proxmox wajen tafiyar da ita. Na sa mata SSD irin na laftof saboda ya fi araha. Bai cika shekara ba ya fara nauyi, kuma ranar da aka ɗauke wuta inbata ta gaza, rumbun bayananmu ya lalace. Mene ne bambancinsa da mai tsadar da ake ce mana na sabar?

Amsa: Barka kadai. Bambancin yana da girma, kuma a wurinmu da wuta ba ta da tabbas ya fi girma.

Idan sabar ta aika wa SSD bayani, ba nan take yake rubuta shi a ƙwayoyin ajiyarsa ba. Yana fara riƙe shi a wata ƙaramar ma'ajiya mai sauri, wadda da zarar wuta ta yanke komai na cikinta ya tafi. Faifan da aka ƙera don sabar yana da jerin kafasito a kan allonsa, in ka buɗe murfin za ka gan su a jere. Suna riƙe ɗan caji, wanda ya isa faifan ya ƙarasa rubuta abin da ke hannunsa kafin ya mutu. Na laftof galibi ba shi da su, domin an ɗauka akwai batir a jikin na'urar. To kai ka sa shi a inda babu batir, inbata kuma ta gaza. Abin da ya ci rumbunku ke nan. Kafasiton kuma suna ƙara sauri: rumbun bayanai da ZFS, wani tsarin ajiye fayil a faifai, sukan dage sai faifai ya tabbatar musu ya rubuta, mai kafasito yana amsawa nan take, marar shi kuwa dole ya tsaya ya rubuta tukuna kowane lokaci.

Sai maganar ƙarko. Ƙwayoyin SSD suna da adadin rubutun da za su iya ɗauka, kamar allon ɗan makaranta da ake wankewa ana sake rubutu har ya side. Samsung 870 EVO mai terabayit 1, wanda faifai ne mai kyau a laftof, an ba shi garanti na rubutun terabayit 600. Faifan sabar mai gigabayit 960 da aka rubuta masa 1 DWPD, ma'ana za a iya cika shi sau ɗaya kowace rana har shekara 5, lissafinsa ya kai kusan terabayit 1,750. Sabar kuwa ba ta barci, dare da rana tana rubuta ƙananan bayanai.

Nauyin da kake gani yana iya zama rashin TRIM, umarnin da ke sanar da faifai wuraren da aka goge don ya share su tun da wuri. Yawancin katunan RAID ba sa barin wannan umarni ya wuce. Tunda Proxmox kake amfani da shi, in da ZFS ne, ka mayar da katin yanayin HBA, inda yake miƙa faifan kai tsaye ba tare da RAID ba, ka kunna TRIM, kuma kada ka bar faifan ya cika maƙil. Ka bar masa kamar kashi 20 cikin 100 fili. Ka duba zafi ma. NVMe yakan rage gudu da kansa idan ya haura wajen digiri 70, kuma ɗakin da babu iya-kwandishan a watan Afrilu ba ya raga masa.

A ganina, in kuɗi bai isa sabo ba, gara ka sayi faifan sabar na hannu wanda ka duba lafiyarsa da sabon na laftof. Manhajar smartctl za ta nuna maka awannin da ya yi yana aiki da kason ƙarkonsa da ya ci. Ka nemi mai sayarwa ya buɗe maka a gabanka kafin ka biya.

Tambaya: Yallaɓai, tunda muna da RAID, ba shi ke nan mun huta da fargabar asarar bayanai ba?

Amsa: A'a, ba ku huta ba. A watan Nuwamban 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu SSD ɗinsa na SAS za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, saboda kuskure a manhajar da ke cikin faifan kansa. Wanda ya mutu ba ya dawowa, bayanansa ma haka. Abin tsoron shi ne faifan da aka kunna rana ɗaya za su mutu kusan lokaci ɗaya, RAID kuma an gina shi ne a kan cewa ɗaya zai mutu ya bar saura. Maganin shi ne sabunta manhajar faifan zuwa sigar HPD8. A farkon 2020 aka sake samun makamancin haka a awa 40,000, ya shafi HPE da Dell.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sabar da muke saye ta hannu ce, kuma ba mu san ko mai ita na farko ya yi sabuntawar ba. Ka duba samfurin kowane faifai da lambar manhajarsa a iLO na HPE ko iDRAC na Dell, wato shafin kula da sabar, ka gwada da abin da ke shafin kamfanin. Ka kwashe bayananka zuwa wani wuri kafin ka sabunta. In za ka sayi faifan RAID, kada duka su zama masu awanni iri ɗaya. Kwafin ajiya kuma ya zauna a wata na'ura dabam, ka riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci don ka tabbatar yana buɗewa.